Daga Rijiya Zuwa Rijiya: Yadda Ake Taka Kwaruruwan Abzin Daga Anou Araren

Da kwal aka san Anou Araren. A nan kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yake haƙar gawayin ƙasa yana ƙonawa, yana ba Agadas da Cirozerin da ma'adinan uraniyom na Arlit wutar lantarki. Garin yana arewa da Agadas, kimanin kilomita 75 ta hanyar mota, kuma wanda ya tsaya a cikinsa ya fuskanci gabas zai ga inda fili ya ƙare, ƙasa ta fara tashi. Bakin duwatsun Abzin ke nan, waɗanda suka miƙa fiye da kilomita 300 daga kudu zuwa arewa, suka kai mita 2,022 a ƙololuwar Idukal-n-Tages da ke kan Bagzan. Ma'aikata da malaman makaranta da 'yan kasuwa daga Maradi da Damagaram da Tawa sukan yi shekaru a gindin waɗannan duwatsu ba su taɓa shiga cikinsu ba, waɗanda suka yi niyyar shiga kuwa sau da yawa sukan ɗauka magana ce ta ƙarfin ƙafa da lafiyayyar mota. Hujjar wannan rubutu guda ɗaya ce: a Abzin ruwa ne ke tsara tafiya, kuma kowane ruwa yana da mutanensa. Wanda ya lissafa hanyarsa daga rijiya zuwa rijiya, ya kuma danƙa kansa a hannun masu rijiyoyin, ya yi shirin da ya fi kowane shiri. Lokacin fita da nauyin kaya da wurin kwana duk daga nan suke fitowa.

Kafin a ɗaura takalmi sai a fahimci yadda ƙasar take. Ruwan sama a wannan yanki kaɗan ne, kuma kusan dukansa yana sauka tsakanin Yuli da Satumba. Idan ya zuba a kan tsandaurin dutse ba ya samun inda zai nutse, sai ya gangara cikin ƙoramu, ya cika su na 'yan sa'o'i ko 'yan kwanaki, sannan yashi ya shanye shi. Saman ƙorama ya bushe, amma a ƙarƙashin yashin ruwan yana nan kwance, shi ya sa ake samunsa a rijiyoyi marasa zurfi a gefen gaɓa. Wannan ne dalilin da ya sa garuruwan Abzin suka jeru a bakin ƙoramu: Dabaga da Azel a kan Telwa, wadda ke gangarowa har Agadas, sannan Awderas da Tabelot da Timiya da Iferwan, kowanne da kwarinsa. Yawancin manyan ƙoramun yamma suke nufa, su malala cikin filin Irhazer, wato ɓangaren da Anou Araren yake. Tsakanin kwari da kwari kuwa baƙin dutse ne da tsakuwa, mutum zai iya yin wuni bai ga ɗigon ruwa ba. Saboda haka tambayar farko da matafiyi zai yi ita ce inda zai sha a daren farko, da na biyu, da inda zai nufa idan ya tarar da ruwan da ya sa rai ya ƙafe. Yawan kilomita tambaya ce ta biyu.

Lokacin fita ma ruwa ne ke yanke shi. Mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: damina ta wuce, rijiyoyi sun ɗauki ruwa, tafkunan da ke cikin duwatsu ba su ƙafe ba tukuna, lambuna sun yi shar, rana kuma tana da sauƙi. Abin da za a biya shi ne ɗari, domin a kan tuddai sanyin dare yakan kusa daskarar da ruwa a Disamba da Janairu, kuma kowane hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kusan digiri 6. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yakan wuce digiri 40, buƙatar ruwa ta ninka a daidai lokacin da rijiyoyi suka ja baya, don haka wannan ba lokacin baƙo ba ne. Wani zai ce ai damina ta fi kyan gani, ciyawa ta fito, awaki sun ƙoshi, madara ta wadata. Haka ne, amma ita ce kuma lokacin da ƙorama ke kashe mutum. Ruwa yana iya sauka a kan dutsen da ke nesa, inda matafiyi bai ko hango hadari ba, sai kawai ya ji rugugi, ruwa ya taho da duwatsu da kututture. Ambaliyar da ta rushe unguwanni a Agadas a farkon Satumban 2009 daga Telwa ta fito. Ƙoramar da ta yi wa birni haka ba za ta raga wa mutum biyar da jakai biyu ba.

Wajen zaɓen hanya, a fara da ƙarami. Mota tana kai mutum gindin dutse, daga nan ƙafa ta karɓa. Wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba zai iya gwada ƙafarsa a kewayen Tafadek, inda maɓuɓɓugar ruwan zafi take, wadda mutane suka daɗe suna zuwa neman sauƙin sanyin ƙashi da ciwon fata. Ba ta da nisa da Cirozerin, kuma ba a rabuwa da jama'a. Mataki na gaba shi ne kwarin Telwa, daga wajen Azel zuwa Dabaga, inda lambu ke bin lambu, ga goriba da dabino, ga inuwa, ga mutane a kowane zango. Wanda ya saba sai ya nufi Tabelot, ƙasar albasa, ya hau Bagzan ta hanyoyin da mutanen can suka daɗe suna bi da ƙafa da jaki, suna sauko da tafarnuwa da dankali da albasa. A saman akwai ƙauyuka da gonaki da idanun ruwa, amma hawan yana cin rabin wuni ko fiye, a kan duwatsun da ke gwada gwiwa. Timiya, kimanin kilomita 220 daga Agadas ta Elmeki, tana da lambunan lemo da rumman da dabino, da magangarar ruwa kusa da gari, kuma daga can ake zuwa kufan Asode, tsohon birnin da bangon gidajensa da masallacinsa suke tsaye babu kowa. A arewacin Anou Araren, kusa da hanyar Arlit, akwai Dabus, inda mutanen dā suka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya fi mita 5, kuma akwai masu gadin wurin daga cikin mutanen yankin.

Ko wace hanya aka zaɓa, ba a fita sai da jagora ɗan ƙasa, kuma neman sa shi ne aiki mafi muhimmanci a duk shirin. Ba a ɗaukar wanda aka haɗu da shi a tasha don kawai ya iya magana. A bi ta mai gari, ko ofishin magajin garin Cirozerin ko Dabaga ko Tabelot ko Timiya, a nemi mutumin da danginsa suke cikin kwarin da za a bi, wanda idan wani abu ya faru an san gidan da za a nufa. Akwai tambayoyin da ke bambanta gwani da mai cika baki. Yaushe rabonsa da wannan hanya? Wace rijiya ce ke ƙafewa da wuri, kuma ina madadinta? Wane ne mai jakan da za a ɗauka? Idan mutum ya karye a rana ta uku, ta ina za a fitar da shi zuwa inda mota ke kaiwa? Gwani yakan amsa da sunayen wurare da na zuriya, kuma ba ya jin kunyar cewa sai ya tambaya. A yi ciniki a gaban shaidu kafin a tashi: ladan kowace rana, kuɗin dabbobi, wanda zai ɗauki abinci, da ladan kwanakin komawar jagoran gida, wanda baƙi sukan manta da shi. Bayan an tashi kuwa, maganarsa ce ta ƙarshe a kan hanya da ruwa da wurin kwana. Ayarin da ya yi madugu biyu ba ya kai gishiri gida.

Ƙorafin da ya fi yawa a yau shi ne na waya: ga taswira, ga tauraron ɗan Adam yana nuna wa mutum inda yake tsaye, me kuma za a yi da jagora? A ba waya haƙƙinta. Tana nuna wuri daidai, tana ajiye sawun da aka bi, kuma idan aka sauke taswirar tun a gari tana aiki ko babu layi. A ɗauke ta, a haɗa da faifan caji mai amfani da rana. Amma taswira tana nuna inda aka taɓa haƙa rijiya ne, ba ta san ko damunar bana ta cike ta da yashi ba, ko akuya ta faɗa ta mutu a ciki, ko masu ita sun tashi da gugansu sun koma wani kwari. Wannan labari a bakin mutane yake yawo, daga makiyayi zuwa mai lambu zuwa mai jaki, kuma ba ya isa kunnen wanda ba a sani ba. Tarihi ma ya nuna haka. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa Abzin a 1850 da kayan awo da ilimin taswira irin na zamaninsa, amma sai da ya fake a ƙarƙashin Annur, babban Abzinawan Kel Ewey na Tin Tellust, kafin ya samu ya isa Agadas ya kuma gangara ƙasar Hausa tare da ayarin gishiri. Har yau masu zuwa Faci da Bilma sukan yi kwanaki suna yankar ciyawa suna ɗaurewa kafin su shiga hamadar Tenere, domin sun san zangon da babu abin da raƙumi zai ci. Irin wannan sani ake saya idan aka ɗauki jagora.

Bahaushe yana da nasa ƙorafin na daban. Zai ce shi ba baƙo ba ne a nan: Hausa ake yi a kasuwar Agadas, Gobirawa suna ba da tarihin cewa kakanninsu sun zauna a Abzin kafin su gangara kudu, a Kano akwai unguwar Agadasawa, kuma baƙin rawani mai sheƙi da Abzinawa ke naɗawa ranar biki a marinar Kura aka san shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma babbar riba ce, domin mazan da suka yi fatauci zuwa Damargu da Damagaram da Kano suna jin Hausa, gaisuwar Musulunci kuma tana buɗe ƙofa a ko'ina. Sai dai zumuncin ƙarnoni ba ya gaya wa mutum wace rijiya ce ta gayya, wace ce ta mai lambu. A rugagen da ke cikin duwatsu za a tarar da mata da yara da ba sa jin komai sai Tamajak, kuma su ne ke riƙe da gida da awaki lokacin da maza suka tafi ayari. Jin yare yakan sa mutum ya saki jiki har ya taka inda baƙon da bai ji komai ba zai tsaya ya tambaya. Wanda ya fi kowa kusanci da mutanen wurin shi ya fi cancanta ya kiyaye ladabinsu.

Yanzu lissafin ruwa. A lokacin sanyi, mai tafiya a ƙasa yana buƙatar lita 4 zuwa 5 na sha a rana, ban da na girki da shayi da alwala, don haka a ƙiyasta wa kowa kusan lita 8, sannan a ƙara ruwan kwana guda da ba za a taɓa ba sai dole. Lita guda kilo guda ce. Mutum biyar a zango biyu marasa rijiya suna buƙatar lita 80, da ta ajiya 120, kuma babu ƙafar da za ta ɗauki wannan. Nan dabba ta shigo. A hanyar hawa mai duwatsu irin ta Bagzan jaki ne gwani, amma kada a ɗora masa fiye da kilo 50 zuwa 60, a kuma daidaita mangala ta yadda ɓangare ɗaya ba zai rinjayi ɗaya ba. A cikin faffaɗan kwari raƙumi ya fi, yana ɗaukar kamar kilo 150, sai dai tafin ƙafarsa ba ya son tsinin dutse. A raba ruwan cikin jarkoki da yawa maimakon babba guda, don idan ɗaya ta fashe kada a rasa duka. Salka tana sanyaya ruwa saboda tsattsafowar da take yi, amma wannan tsattsafowar ragi ce, kada a sa ta cikin lissafin ajiya. A tafi da guga da doguwar igiya, domin rijiyar makiyaya ba ta zama da guga a bakinta. Ruwan tafki da na buɗaɗɗiyar rijiya a tace da tsabtataccen ƙyalle, a tafasa ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa a jira rabin sa'a.

Guzuri kuwa, mutanen ayari sun riga sun warware matsalar. Sukan daka gero da dabino da cuku, a dama da ruwa a sha da safe, ya riƙe ciki har azahar ba tare da an hura wuta ba. A ƙara garin alkama don gurasar da ake gasawa cikin yashi: a kwaɓa, a share garwashi gefe, a kwantar da ƙullun a kan yashin da ya yi zafi, a rufe da toka da garwashi, a juya sau ɗaya, a fitar a kakkaɓe, a gutsuttsura cikin miyar busasshen tumatir da albasa. Shinkafa da taliya da mai da gishiri da kilishi da ƙuli-ƙuli sun isa sauran. Ganyen shayi da sukari a ninka abin da ake zaton za a sha, domin su ne kyautar da ba a mayarwa. Na sawa: takalmi mai kaurin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, domin sabon takalmi kan fasa dunduniya tun rana ta farko, ƙayar ƙandili kuma tana huda silifa, riga mai dogon hannu da yalwa, rawani, wanda ke tare rana da ƙura da sanyin asuba, bargo mai nauyi ko biyu, tabarma, tocila, ashana, wuƙa, allura da zare mai ƙarfi. Abin da ya wuce wannan yawanci nauyi ne da jaki zai biya.

Tsarin wuni ba ya canzawa. A tashi da asuba, a yi salla, a sha abin da aka dama, a ɗaura kaya, a kama hanya kafin rana ta fito sosai. A yi tafiya har wajen ƙarfe 11, a sauka a inuwar aduwa ko ƙandili, a sauke wa dabbobi kaya, a ci, a huta har la'asar ta kusa, sannan a ƙara sa'a biyu. Kilomita 15 zuwa 20 a rana ya isa a cikin kwari, a hawa kuwa rabin haka ma abin godiya ne. Mafi rauni a cikin tafiyar shi ke tsara sauri, kuma ba a barin kowa ya ɓace daga ido. A sauka tun da sauran haske, don a ga inda za a shimfiɗa. Yashin tsakiyar ƙorama yana da laushi da jan hankali, amma ba a kwana a cikinsa, ko da rani ne, sai a hau gaɓa. Ba a kuma kwana a bakin rijiya ko tafki, a matsa nesa, saboda dabbobin gida da barewa da ragon dutse da ke zuwa sha da dare. Itacen wuta busasshe kawai ake tsinta, kaɗan. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama, a binne toka, a kwashe leda da gwangwani a tafi da su.

A bakin rijiya ne ake gane tarbiyyar matafiyi. A lambunan da ba su koma injin ba, za a ga raƙumi ko sa yana jan igiya ta kan gungumen da aka kafa a bakin rijiya, ya yi gaba wasaki ya taso cike, ya zube a kwararon itace, ruwan ya bi ƙananan magudanai zuwa fangalin alkama da albasa, yaro ya juyo da dabbar ta koma baya, a sake. Wanda ya tsaya ya kalli wannan na minti goma zai san abin da kowace jarka ta ci. Don haka a tsaya nesa kaɗan, a yi sallama, a bar jagora ya gabata, a gaisa a tsanake, a tambayi gida da dabbobi da sanyi, sannan a nemi izinin ɗiba. Idan makiyaya na shayarwa a jira layi. Ba a wanka da sabulu a cikin tafkin dutse, a ɗebi ruwan a koma gefe. Ba a tsinkar lemo ko rumman ko da reshe ya leƙo hanya. A saya, mai lambu zai ƙara da kyauta. Idan aka ɗora shayi a zauna har zagaye na uku, tashi bayan kofin farko raini ne. Namiji Ba'abzine yana rufe bakinsa da amawali a gaban manya da surukai da baƙi, wannan mutunci ne, ba abin tambaya ko wasa ba. Hoto sai da izini, musamman na mata, kuma ba a leƙa bukka sai an ce a shigo.

Lafiya tana buƙatar shiri tun daga gida, domin a wasu zanguna asibiti mafi kusa tafiyar kwana guda ce ko biyu. Abin da ya fi kayar da mutane ƙishirwa ce da ba su lura da ita ba, tunda iskar hunturu tana busar da gumi kafin a gan shi. A riƙa kurɓa a kai a kai, a kuma duba fitsari: idan ya yi ja ya ragu, an makara. Ga gudawa ko galabaita, a haɗa lita 1 ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗauki bandeji da maganin wanke rauni da na zazzaɓi, da gidan sauro idan za a kwana kusa da lambuna bayan damina. Mai ciwon suga ko hawan jini ko asma ya ga likita kafin ya tashi, ya kuma gaya wa jagora gaskiya. Idan maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗora shi kan dabba zuwa inda mota za ta same shi. Wanda ya rabu da 'yan uwansa ya zauna a inuwa inda yake. Mutanen wurin sun iya bin sawu, kuma mai yawo yana ɓata musu shi.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na tsaro, kuma bai kamata a yi masa kwaskwarima ba. Abzin ta ga tawaye daga 1990 zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, ta sake gani daga harin Iferwan na Fabrairun 2007 zuwa 2009, lokacin da aka binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. An sace ma'aikata 'yan ƙasashen waje a Arlit a 2010, an kai hare-hare Agadas da Arlit a Mayun 2013, kuma tun da aka gano zinariya a arewa a 2014 'yan fashi suka ƙaru a kan hanyoyi. Akwai lokutan da amsar da ta dace ita ce a fasa, kuma wanda hukuma ko jagoransa ya ce wa kada ya bi wata hanya, to kada ya bi. Amma wannan haɗari ƙara ƙarfafa hujjar ɗaukar jagora yake yi. Kafin a tashi a je wurin jandarmomi da hukumar yankin, a ba da sunaye da hanya da ranar dawowa, a bi duk sharaɗin da suka gindaya, har da na rakiya ga baƙin ƙasashen waje. A riƙe katin shaida, a bar kwafin tsarin tafiyar a gida, kada a yi tafiyar dare, kada mota ta kauce daga sawun da ake bi, kada a baza labarin hanya a Facebook sai an dawo. Fiye da duk wannan, baƙon da aka san a hannun wa yake yana da kariyar da makami ba ya bayarwa, domin labarinsa yana riga shi isa kowane zango.

Saura mai cewa duk wannan tsada ce da wahala, alhali mota za ta kai shi Timiya cikin wuni guda. Za ta kai shi, kuma babu laifi a hakan ga mai uzuri. Sai dai kuɗin mai mota a gidan mai yake ƙarewa, na mai tafiya a ƙasa kuwa yana shiga hannun jagora da mai jaki da mai lambu da matar da ta sayar da cuku ko tabarmar kaba. Waɗannan mutane sun rayu da baƙi a shekarun da yawon buɗe ido ke tafiya, suka rasa su da rikici ya zo, kuma 'yan ƙasa da maƙwabta ne suka fi kusa da cike wannan gurbi. Akwai kuma amanar da ke kan mai zuwa. Gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, an kafa shi a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari a 1992. Jiminar da ta taɓa yawo a waɗannan kwaruruwa farauta ta kusa ƙarar da ita. Don haka ba a harbi, ba a sayen naman dawa, ba a jiƙa zanen dutse ko a goga masa alli don hoto ya fito, ba a tsintar kan kibiya ko dutsen niƙa na mutanen dā, abin da dokar kare kayan tarihi ta 1997 ma ta hana.

Wanda ke zaune a Anou Araren ko Cirozerin yana da abin da mutane suka riƙa biyan kuɗin jirgi daga Turai don su gani, kuma ba ya buƙatar wata guda ko dukiya mai yawa kafin ya fara. Ya jira Nuwamba, ya samu abokai uku ko huɗu masu jin magana, ya je wurin mai gari ya nemi jagora, ya sanar da jandarmomi, ya zaɓi hanyar kwana biyu da ke da rijiya a kowane zango. Idan ya dawo ya biya kowa haƙƙinsa cikakke, ya riƙe zumunci da jagoran, domin shi ne zai gaya masa bana ko Bagzan ta hawu, ko kuwa a bari sai baɗi.